Sau Biyu Na Sa Baffa Barci

Shekarun baya, tun muna ƙarƙashin jihar Kano, na yi aikin sa barci a ɗakin tiyata na wani asibiti a yankinmu na Birnin Kudu. Ni ba likita ba ne. Malamin asibiti ne ni, aka tura ni kwas, na dawo da takarda, da kuma wani jin kai da ya fi takardar nauyi. Aikina shi ne in zauna a wajen kan mara lafiya, in ɗora masa robar da ke rufe hanci da baki, in riƙa sakar masa iskar barci har likita ya gama, sannan in tabbatar ya farka. Mutanen gari ba su ɗauki wannan a bakin aiki ba. Mahaifiyata ma idan aka tambaye ta abin da ɗanta yake yi a asibiti, cewa take yi yana taya likita riƙe mutane.

Na'urar da nake aiki da ita sabuwa ce, cikin kayan da gwamnati ta fara saye da kuɗin mai suka shigo. Tana da wata kwalba da ake zuba maganin, sunansa halotan. Ruwa ne mai ɗan ƙamshi, yana zama tururi, ya bi iska ya shiga huhu. A saman kwalbar akwai makunni mai lambobi. Ka murɗa sama, maganin ya ƙaru. Ka murɗa ƙasa, ya ragu. Gefe guda kuma ga jakar roba baƙa, tana kumbura tana saɓewa duk lokacin da mutum ya yi numfashi. Duk ilimina da alfaharina a kan wannan makunni suke.

Mahaifina yana da wani amini, mutumin Dingaya ta ƙasar Gwaram. Ba jini ɗaya muke ba, amma Baffa muka tashi muna ce masa, kuma 'yan shanun gidanmu a garkensa suke. Ƙato ne na gaske. Idan malaman dabbobi suka zo rigakafi, shi kaɗai yake kama ƙahon bijimi ya murɗe shi ƙasa, sauran mutane su zo su ɗaure ƙafafu. Ya daɗe yana fama da gwaiwa, ya ƙi zuwa asibiti. Sai a shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama, da ya ji an ce yanzu ni ne nake sa barci, ya yarda ya zo. Ya ce tun da ɗan gida ne zai riƙe shi, ba komai.

A wannan makon allurar da muke fara sa barci da ita ta ƙare, saboda haka da iskar zan fara. Baffa ya hau gado yana raha da kowa, yana tambayar sista ko mijinta yana da shanu. Amma da na ɗora yatsa a tsintsiyar hannunsa sai na ji jijiyar tana duka kamar za ta fasa fata. Tsoro yake ji, ba zai dai faɗa ba.

Na ɗora masa robar, na fara daga ɗaya, na hau biyu, na hau uku. A inda yawancin mutane suke yin laushi, Baffa yana nan yana salati. Na hau huɗu. Salatin ya koma kiran shanu, yana ambaton su ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa wata faɗa don ta shiga gonar mutane. Can ya yunƙura zai tashi zaune, sai da leburorin asibiti biyu suka danne kafaɗunsa, ɗaya har ya sha gwiwar hannu a baki. Likitan da muke da shi a lokacin ya naɗe hannu yana kallon agogon bango, yana kallona. Gumi ya jiƙa mini riga kafin Baffa ya kwanta.

Aiki ya yi kyau. Da ya farka, leburan da ya sha gwiwar hannu ya ba shi labari har da ƙari. Kafin wata ya zagayo labarin ya cika kasuwar Gwaram, ya kai Maruta: maganin gwamnati ya kasa kayar da Baffa. Shi kuwa ya ce ba abin mamaki ba ne, akwai abubuwan da kakarsa ta ba shi ya sha tun yana yaro. Ina jin haka ina dariya, irin dariyar wanda ya je kwas. Amma a can ƙasan raina na ajiye magana ɗaya, cewa Baffa ba ya jin magani.

Aka yi shekara huɗu ko kusa da haka. Wata rana bayan an gama girbi, ina cikin wanke kayan aiki, aka ce mahaifina yana nemana a waje. Na fita na tarar da akori-kura ta tsaya, ana sauko da wani mutum a zaune a kan tabarma, don ba ya iya kwanciya. Sai da ya ɗago kai na gane Baffa ne. Ƙafafunsa sun kumbura, ciki ya kumbura, amma kafaɗun nan da mutum biyu suka danne sun zube. Jijiyoyin wuyansa sun miƙe kamar igiya. Yana magana kalma biyu, ya tsaya ya nemi numfashi. Mahaifina ya ce tun damina yake tari da zazzaɓi, an yi na gida har an gaji.

Likitanmu a lokacin wani dattijo ne ɗan ƙasar Masar, mutum mara yawan magana, mai Hausar da ba ta bambanta mace da namiji. Ya daɗe yana sauraren ƙirjin Baffa, ya sa aka ɗauki hoto. Da ya ɗaga hoton a taga, zuciyar ta fito kamar tulu, ta cika tsakiyar ƙirji. Ya bayyana mana cewa zuciya tana cikin wata jaka ce, kuma ruwa ne ya taru a jakar ya matse ta, ta kasa buɗewa ta cika da jini, balle ta tura shi. Ya ce yana zaton tarin fuka ne ya jawo. Ya gwada zuƙe ruwan da allura, ɗan kaɗan ya fito, don ya yi kauri. Ya ce da Baffa zai iya jure hanya da Kano za a kai shi, amma ba ya jin zai kai. Abin da ya rage shi ne a tsaga ƙasan ƙashin ƙirji, a buɗe jakar, a sa tiyo ruwan ya fita.

Ya kira ni gefe ya faɗa mini tsarinsa dalla-dalla. Allurar kashe zafi zai yi a wurin da zai tsaga. Baffa zai kasance a kishingiɗe, idonsa biyu. Ni kuma iskar oksijin zalla zan ba shi. Idan ya fara motsi har aiki ya gagara, to in saka maganin kaɗan.

"Rabin lamba," in ji shi. "Kada ta wuce ɗaya."

Na ce to.

Washegari da hantsi aka turo Baffa. Mahaifina ya biyo gadon har ƙofar ɗakin tiyata, inda ba a barin kowa ya wuce. Bai yi doguwar magana ba. Ya dube ni ya ce, "Ga Baffanka nan." Ya koma ya zauna a benci.

Mu uku ne a kansa: likita, sista, da ni. An kafa wani ƙyalle kore tsakanin ƙirjinsa da fuskarsa, saboda haka likita ba ya ganin abin da nake yi, ni ma ba na ganin hannunsa sai na miƙe. Da farko komai lafiya. Baffa yana jan numfashi a cikin robar, idonsa a kaina. Da likita ya nutsa ciki, inda allurar ba ta kai sosai ba, sai ya fara nishi, ya ɗaga hannu yana neman ƙyallen. Likita ya ce in sa kaɗan. Na murɗa zuwa rabi. Ya ja numfashi uku ko huɗu, hannun yana nan a sama, ƙafa ma ta fara motsi.

Ina so in faɗi abin da ya zo mini a rai a wannan lokacin kamar yadda ya zo, don ba ruɗewa na yi ba. Lissafi na yi, kuma lissafin ya yi mini kyau. Na ce likitan nan baƙo ne, bai san Baffa ba, ni na san shi. Mutumin da huɗu ta kasa kayarwa, me rabi za ta yi masa? Na ƙara da cewa a wancan karon zuciyarsa na da ƙarfin ɗaukar magani ta kai ƙwaƙwalwa, amma duk da haka ya daɗe. Yanzu da zuciyar take tafiyar hawainiya, ai sai ya ninka daɗewa. Idan kuwa ya yunƙura wuƙa tana kusa da zuciyarsa, an gama. Na murɗa zuwa uku, ban faɗa wa kowa ba.

Bai kai numfashi goma ba hannun ya faɗi.

Na ɗan ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sannan na kai yatsa tsintsiyar hannunsa, ban ji komai ba. Na matsa, na sake wuri, babu. Na koma wuya, can na ji wani abu siriri kamar zare, yana zuwa yana ɓacewa. Na ɗaga robar na ga leɓɓansa sun yi toka-toka. Jakar baƙa da ƙyar take motsi.

Daga bayan ƙyallen likita ya ce jinin wurin ya yi baƙi, kuma ya daina zuba. Ya tambaye ni nawa na sa.

"Uku," na ce.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in kashe, in buɗe oksijin, in riƙa matsa jakar a hankali, kada in cika ƙarfi. Ya faɗa wa sista allurar da za ta yi. Shi kuma ya bar duk wata nutsuwar da yake aiki da ita, ya tsaga da sauri. Na ji ƙarar ruwa yana zuba a kwano, sista ta janye wanda ya cika ta tura wani. Ruwan rawaya ne, gurɓatacce. Ni dai hannuna ɗaya yana kan jaka, ɗaya yana kan wuyan Baffa, ina matsawa ina ƙirgawa. Ban yi addu'a ba ma, kaina babu komai sai ƙirge. A hankali zaren nan ya fara kauri a ƙarƙashin yatsana. Ya zo, ya sake zuwa, bai ɓace ba. Can jakar ta motsa da kanta.

Daga baya sista ta ce abin bai wuce minti uku ba. Da ni aka tambaya da na rantse mun kai la'asar.

Bayan azahar likita ya aika a kira ni ofishinsa. Na tafi ina tsara yadda zan gaya wa mahaifina an kore ni. Ya nuna mini kujera, ya tambaye ni dalilin da ya sa na sa uku. Na ba shi labarin gwaiwa, da lissafin da na yi. Ya saurara har na gama, sannan ya juya wata takarda ya yi zane a bayanta.

Ya ce in ɗauki huhu kamar randa ce da ake zuba magani ta sama, jini kuma yana ɗiba yana tafiya da shi. Idan zuciya na da ƙarfi, ga tsoro ya ƙara mata gudu, jini mai yawa ne yake ratsa huhu. Yana kwashe maganin tun bai taru ba, ya je ya rarraba shi a cinyoyi da damatsa da kitse, abin da yake isa ƙwaƙwalwa tsinkakke ne. Shi ya sa ƙato mai jin tsoro yake daɗewa bai yi barci ba. Idan kuwa zuciya ta raunana, jini kaɗan ne yake ratsawa. Maganin sai ya taru a huhu ya yi kauri, ɗan jinin da ya wuce ya ɗauke shi da kaurinsa. Jiki kuma idan ya ga jini ya yi ƙaranci, yakan rage wa hannu da ƙafa, ya tura wa ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciyar. Ga shi wannan magani yana rage ƙarfin bugun zuciya. Ta ƙara rauni, magani ya ƙara taruwa, haka har ta tsaya.

Ya ajiye biro ya ce, "Mutum ɗaya ce, amma zuciya biyu. Kai ka ba zuciyar wancan karon magani, ba ta yau ba."

Ya miƙo mini takardar aikin ya ce in rubuta uku da hannuna, da lokacin da na sa, da abin da ya biyo baya. Na rubuta. Bai kai ƙarata ko'ina ba. Hukuncin da ya yanke shi ne, daga ranar, duk lambar da zan murɗa sai na faɗe ta da ƙarfi ya amsa. Wata uku ina haka. Babba da ni, mai takardar kwas, ina zaune a bayan ƙyalle ina cewa, "Ɗaya, likita," kamar ɗan aji ɗaya yana biya karatu. Sista ba ta taɓa yin dariya a fili ba, amma ina ganin idonta a saman ƙyallen da ta rufe baki da shi.

Da na koma gida a ranar na jawo akwatin ƙarfe na fito da littattafan kwas. Na sami shafin. Duk abin da likita ya zana mini yana ciki, da rubutuna, har na ja layi da jan biro a ƙarƙashi. Na ma tuna an yi mana tambayar a jarrabawa, kuma na ci.

Abin da ya fi hukuncin likita wuya shi ne godiya. Mahaifina ya riƙe hannuna a gaban mutane yana sa mini albarka. Mahaifiyata ta daina cewa ina riƙe mutane, ta koma cewa da ni aka yi wa Baffa aikin zuciya. 'Yan Dingaya da suke zuwa dubiya suna kawo mini nono da man shanu. Ina karɓa ina cewa ikon Allah ne, wanda gaskiya ne, amma na san dalilin da ya sa nake saurin faɗa.

Baffa ya yi makonni a kwance, da tiyo a ƙirji, ana yi masa allurar tarin fuka. Kumburin ya saɓe, ya fara cin tuwo, ya fara tsokanar masu jinya. Ya tambaye ni sau biyu ko wannan karon ma ya ba mu wuya, ina cewa kaɗan. Ana gobe za a sallame shi na same shi a bayan ɗakin marasa lafiya, a inuwar bishiyar maina, yana shan iska shi kaɗai. Na gaishe shi na tsuguna. Ban shirya faɗa ba, sai na ji ina faɗa. Na gaya masa abin da likita ya ce in sa, da abin da na sa, da yadda bugun jininsa ya ɓace a hannuna. Na gaya masa bai kai numfashi goma ba.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya tambaya ko likita ya sani. Na ce shi ya gyara.

"Mahaifinka fa?"

"Bai sani ba, Baffa."

"To bar shi haka. Shi ya kawo ni, kai kuma ɗansa ne. Ina zai sa wannan magana?"

Ya miƙo hannu in taimaka masa ya tashi, muka koma ciki. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Na lura dai daga lokacin ya daina ba da labarin maganin gwamnati. Idan wani ya ɗauko shi a kasuwa, sai ya ce wannan tsohon zance ne, ya kawo maganar farashin hatsi.

Ƙarfinsa bai dawo kamar da ba. Ya bar wa 'ya'yansa kama bijimi, amma yana zuwa gona, yana zagaya garke. Bayan shekara biyu ya kawo matarsa, Inna, za a cire mata wani ƙari a ciki. A lokacin an turo mana wani mai sa barci na biyu, sabon dawowa daga kwas, takardarsa ta fi tawa, hannunsa kuma yana da kyau. Na ja Baffa gefe na ce masa zan roƙi abokin aikina ya riƙe Inna, don ni ban ga ya dace in sake zama a kan wani na gidansa ba. Ya tambaye ni ko shi wancan ɗin wani ya taɓa ɓace masa a hannu. Na ce ban ji ba.

"To kai za ka yi," in ji shi. "Shi bai tsorata ba tukuna."

Ni na sa Inna barci. Na faɗi kowace lamba da ƙarfi, ko da yake an daɗe da ɗage mini wannan doka.

Yanzu duk sun rasu, mahaifina da Baffa da Inna, likitan ma na ji labarin rasuwarsa bayan ya koma ƙasarsu. Shi ya sa nake iya rubuta wannan. Na yi shekaru da yawa a wannan aiki bayan haka, na koyar da waɗanda suka zo bayana, kuma duk wanda na koyar na zana masa randar nan a bayan takarda. Suna ganewa nan take, kamar yadda na gane a aji. Ban taɓa ɗauka cewa ganewar ta isa ba.

Abin da na fi tunawa ba tsoron minti ukun nan ba ne, wannan ya daɗe da sanyi. Nutsuwar da na murɗa makunnin da ita nake tunawa. Ban yi don ganganci ba, don ƙauna na yi, da kuma tabbacin cewa na fi kowa a ɗakin sanin mutumin da ke kwance. Har na bar aiki, mara lafiyar da nake tsoro ba baƙo ba ne. Wanda na sani ne.